Mu'az Ba-sauka

Duk wanda ya saba bin titin Sama a Sakkwato da sanyin safiya ya san Mu'az, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai siraran ƙwauri da ke wucewa a kan keke mai kaurin taya, da hular kwano a ka, ya duƙa kamar wanda ya yar da allura. 'Yan kabu-kabu kan danna masa hon, shi kuma ya ɗaga musu yatsu biyu ba tare da ya waiwaya ba. Sunansa na yanka Mu'az, ɗan Ashafa mahauci. Amma a Tudun Wada, inda aka haife shi, in ka tambayi gidan su Mu'az sai a tsaya ana tunani. In ka ce Ba-sauka, ko mai tallar fura za ta nuna maka ƙofar.

Sana'arsa tseren keke, amma ba irin na kan kwalta ba. Nasa a daji ake yin sa. Ana shata hanya ta bi ta burtali, ta hau tudun marmara, ta gangara kwazazzabo, ta ratsa yashi, sannan ta dawo inda ta faro, a yi ta zagayawa har a cika adadin da alƙalan gasa suka yanka. Da wannan yake ci, da shi yake riƙe matarsa Wasila da 'yarsu Nabila. A garin da yawancin mutane suka ɗauki keke abin zuwa gona ko na dakon albasa, har yanzu akwai dattawan da in an gaya musu haka sai sun sake tambaya.

Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Gidansu gidan rundawa ne, wato mahauta, tun kaka da kakanni. Ashafa yana da tebur a kasuwar unguwa, wanda ya gada daga ubansa. Babban ɗansa Auwalu tun da wuri ya bi motocin shanu zuwa kudu, sai a yi watanni ba a gan shi ba. Saboda haka ɗauko nama daga kwata, mayankar gari, ya faɗo kan Mu'az tun gemu bai tsiro masa ba. Da an idar da sallar asuba sai ya hau baƙin keken uban ya nufi can. Ƙasan kwata kullum jiƙe take da jini da ruwa, santsi kamar an zuba karkashi, kuma ta nan zai ratsa da cinyar sa ko karfata a kafaɗa har inda ya jingine keken. Ya ɗaure ta a kariya, ya rufe da buhu, ya kamo hanya. Ta kwalta akwai zagaye, ga motoci. Zafin Sakkwato kuma ba ya jiran kowa, in rana ta ɗaga kafin nama ya iso, ƙudaje sun riga masu cefane. Sai Mu'az ya samo yanke ta bayan gidaje, wanda ke ratsa wani kwazazzabo mai yashi da ruwan damina ya haƙa.

Mai keke da cinyar sa a bayansa lafiya lau yake muddin yana tafiya. Da ya tsaya ya sa ƙafa a yashi, nauyin zai rinjaye shi. Sau ɗaya abin ya same shi. Wani jaki ya tare masa hanya a tsakiyar kwazazzabon, ya taka birki, ya sa ƙafa, yashi ya zame, keke ya kwanta da nama. Ashafa bai daka masa tsawa ba. Ya miƙa masa bokiti ya ce ya wanke. Nama kuwa in ya sha ruwa sai ya yi fari ya saki jiki, duk mai ido zai gane. Haka Mu'az ya wuni gefen tebur yana kallon masu cefane suna ɗaga naman da yatsa, su ajiye, su wuce tebur na gaba. Da yamma uban ya yi masa magana ɗaya.

"Ka gani ko? Nama ba ya taɓa ƙasa."

Daga ranar ƙafar Mu'az ba ta sake taɓa ƙasa tsakanin kwata da kasuwa ba. Ya koyi miƙewa a kan feda ya daskare wuri ɗaya har garken awaki ya gama wucewa. Ya koyi sassauta iskar taya in zai shiga yashi, ya ja jikinsa baya, ya bar kan keken ya nemi hanya da kansa. In ya zo gaɓar da ta fi ƙarfin feda, sai ya ɗan ciccibe tayar gaba ya ɗora, ya turo ta baya da ƙugu. Shi bai ɗauki wannan wata bajinta ba. Gudun bokiti ne kawai.

Wanda ya fara lura shi ne Tambari, mai gyaran keke a Gidan Igwai, wanda ya taɓa tseren kwalta a ƙuruciyarsa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Kusan duk mako sai Mu'az ya kawo masa wili a lanƙwashe.

"Kai ɗan rundawa, mi kaka yi wa keken ga? Kokawa kaka yi da shi?"

"Laihin hanya na, Baba Tambari."

"Wace hanya? Na tsuhwa bisa keke, ban ga hanya mai lanƙwasa wili haka ba."

Wata safiya Tambari ya je da kansa ya tsaya a bakin kwazazzabon. Ya ga yaron ya gangaro da kaya, ya ratsa yashi, ya haye gaɓa, ko numfashi bai sauya ba. Da Mu'az ya dawo wajen gyara sai ya tarar da wani keke ɗan Kwatano mai giya da kaurin taya a jingine, an goge shi.

"Hau in gani," in ji Tambari. "Kai tsere kaka yi tun tuni ba ka sani ba. Abokin tserenka ƙuda na. Yanzu mu gwada ka da mutane."

Ashafa bai ga kan abin ba. "Mutum shi yi ta gudu bisa keke, babu mai korar shi, babu kayan da za shi kai ma wani? Wanga wane irin aiki na?" Amma bai hana ba, tunda nama yana isowa a kan lokaci.

Gasar farko da Mu'az ya shiga ta matasa ce da aka yi a bayan gari. Duk inda yashi ya yi zurfi sai sauran su diro su yi turi, shi kuwa ya wuce su a kan sirdi. Ya zo na ɗaya da tazarar da sai da ya sha ruwa ya zauna kafin na biyu ya ɓullo. Labari ya riga shi isa kasuwa. Rundawa suna da makaɗinsu, Dodo mai kalangu, wanda ke zagaya tebura yana yi wa kowane mahauci takensa. Ranar ya tsaya gaban teburin Ashafa, ya matse kalangu a hammata, ya sako sabon take: "Ba-sauka ɗan Ashafa, ƙasa ta yi kira ka ƙi amsawa." Ashafa ya haɗe fuska ya ci gaba da yanka. Da Dodo zai wuce, aka ga ya miƙa masa tsoka mai kyau.

Shekarun da suka biyo baya nasa ne. Duk inda aka shata tsere a ƙasar yashi, daga Sakkwato zuwa Kabi da Zamfara, in Mu'az yana cikin layi, sauran na biyu suke nema. Wata ƙungiya ta wani ɗan kasuwa a Abuja ta ɗauke shi, ta ba shi keke marar nauyi da albashin wata. Ya bar dakon nama, ya yi aure. Mutumin da ya fi kowa canzawa shi ne Ashafa. Wanda da yake cewa wane irin aiki ne, shi ne yanzu ba mai sayen naman da zai tafi bai ji cewa ɗansa bai taɓa sa ƙafa ƙasa a tsere ba.

Da ƙungiya ta fara kai shi Jos, lissafi ya sauya. Can hanya ta kan dutse take bi, kuma akwai wuraren da kowa, har gwanayen garin, yake dirowa ya ciccibi keke ya haye da ƙafa, don ya fi sauri. Doka ba ta hana ba. Mu'az ne ya hana kansa. Zai tsaya yana lallaɓa keke a kan dutse, 'yan kallo suna tafi, mutane suna wuce shi da gudu. Babban abokin hamayyarsa, wani Bakano mai suna Zaharaddeen, kan jefe shi da magana in zai wuce.

"Basakkwace, aure aka ɗaura muku da sirdin nan ne? Sauko ka gaisa da ƙasa mana!"

"Ku Kanawa ko ina sai kun sauka kun yi ciniki," in ji Mu'az. "Wuce, ina nan tahe."

Sau da yawa ba ya zuwa. Ya koma na shida, na takwas. A wata gasa ya nace sai ya haye wani tsagin dutse, taya ta zame, ya faɗi ya karye a wuyan hannu. Ya dawo Tudun Wada aka kai shi wajen mai ɗori, ya yi watanni hannu a naɗe da karare. Da ya warke ya koma, halin bai canza ba.

A bara, ana tsakiyar damina, kocin ƙungiya ya kira shi ya gaya masa gaskiya. Mai ƙungiya zai rage mutane. Gasar rufe shekara a Sakkwato za a yi ta, kuma duk ɗan ƙungiyar da bai shiga ukun farko ba, za a karɓi kekensa a sallame shi. Mu'az ya je ya gaya wa uban. Ya same shi yana wasa barho, babbar wuƙar nan ta mahauta, hannun yana ɗan rawa kamar yadda ya soma yi a 'yan shekarun nan.

"Na ji," in ji Ashafa. "In sunka sallame ka, barho na nan, tebur na nan. Hannuna ka gan shi da idonka, Auwalu kuma ya zama ɗan mota. In ko ka ci, in kira Ɗahiru ɗan ƙanena shi riƙa mini, kai ka ci gaba da gudunka. Magana ta ƙare?"

"Ta ƙare, Baba."

Mu'az ba ya ƙyamar wuƙa. Duk babbar sallah yana cikin masu bin gidaje suna fiɗar raguna, kuma hannunsa yana da tsabta. Amma ya san wuƙa za ta iya jiransa har ya yi furfura, ƙafa ce ba ta jira. In ya bar sirdi yanzu, ya bar shi ke nan.

Har ya juya zai tafi, uban ya ƙara da fara'a, "Kuma mu duka za mu zo. Na hwaɗa ma Dodo. Bakin kwazazzabo za mu tsaya, mu ga baƙin ga suna turin keke kamar 'yan ga-ruwa, ɗana shina wucewa bisa sirdi."

Ana gobe gasa, Mu'az da Tambari suka taka hanyar da ƙafa. An shata ta ne a cikin jajayen tuddan bayan gari, kuma kusan duk irin ƙasar da Mu'az ya sani ce, sai wuri ɗaya. Wani kwazazzabo ne mai zurfi, cikinsa yashi, amma gaɓar da za a haye a fita ta laka ce, ta miƙe tsaye ta fi tsayin mutum biyu. Tambari ya caka sandarsa a jikinta, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas.

"In ruwan ga ya zuba, zagayen farko za ka haye, na sani. Na biyu ma ƙila. Bayan nan tayoyi sun dama shi ya koma kunu. Nan za ka sauka."

"Gaban Baba?"

"Gaban Baba, gaban Dodo, gaban Sarkin Pawa in ya zo. Alƙalai ba su duban tsabtar takalmi, wanda yar riga isa suka duba. Can Jos ka ƙi sauka, dutse ya sauke ka. Nan ma jira kaka yi laka ta sauke ka?"

Mu'az ya tsaya yana auna gaɓar da ido, yana neman inda taya za ta kama.

A gida Wasila ta ajiye masa tuwon shinkafa ta koma kan dambun naman da take yi na sayarwa. Da ta waiwayo ta ga malmalar tana nan yadda ta ajiye.

"Baban Nabila, tuwon ya yi maka laihi na?"

Ya gaya mata abin da Tambari ya ce. Ta saurara tana juya dambu.

"Ni dai abin da nis sani," in ji ta, "kullum in ka dawo, bakin zaure kaka sauka, ka ɗauko keken ga kamar jinjiri ka tsallaka dokin ƙohwa da shi. Ban ga wanda yam mutu ba."

"Wannan gida na. Can idon mutane na."

"Idon mutane za shi saya ma Nabila takalmi? Ci tuwonka shi huce maka rai."

Ya yi dariya, ya ja kwano. Amma bai ce mata zai sauka ba, bai kuma ce ba zai sauka ba.

Ruwa ya zuba da safe kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke kafin azahar. Saboda zafi, bayan la'asar aka sa tseren, kuma wannan ya yi wa rundawa daidai, sun sayar sun wanke tebura. Suka zo a motar ɗaukar shanu, wasu ko rigar aiki ba su sauya ba, suka cika bakin kwazazzabon. Ashafa yana gaba da farar riga da hular da yake zuwa Juma'a da ita. Dodo yana kusa da shi yana gwada tsarkiyar kalangu. Zagaye biyar alƙalai suka yanka.

Aka busa usur. A tudun marmara da filin yashi Mu'az bai bar wa kowa magana ba. Shi ya fara gangarowa kwazazzabon, Zaharaddeen yana biye da shi. Tun daga nesa Mu'az ya jiyo kalangu yana kiran sunansa. Ya sauya giya, ya miƙe a kan feda, ya ɗora tayar gaba a inda ya auna jiya, ya haye. Wurin ya kaure da ihu. Wani barunde ya cire hula ya jefa sama, ba a san inda ta faɗa ba.

A zagaye na biyu gaɓar ta sauya kama. Kekuna da takalma sun bi ta kai sun dame ta. Mu'az ya kai rabi, tayar baya ta soma juyawa a wuri ɗaya tana watsa laka. Ya daskare a kan feda yadda yake yi wa awaki, ya ciccibe, ya matsa kaɗan, ya sake ciccibewa. Rundawa suna ta tafi, su a ganinsu bajinta ce. Ita ce kuwa, amma yana cikin yin ta Zaharaddeen ya diro ya tura kekensa ta gefe ya wuce, wasu suka bi bayansa. Da Mu'az ya kai sama cinyoyinsa suna zafi kamar an zuba barkono, kuma mutum shida ne a gabansa.

Duk tsawon zagaye na uku yana kora yana tunani. Ya cim ma biyu a filin yashi ya wuce su. Amma ya san abin da ya ci a yashi zai amayar a laka, kuma a wannan karon ba lalle ne gaɓar ta bar shi a kan sirdi ba. Ko ya sauka da kansa, ko ta sauke shi a gaban mutanen da yake jin kunya. Da ya gangaro, kalangu ya ƙara zafi. Ya hango farar rigar uban. Ya ratsa yashi da gudu har gindin gaɓar, ya matse birki, ya jefa ƙafa ya dira a laka.

Kalangu ya yanke a tsakiyar take. Wurin ya yi tsit, har ana jin numfashin masu tsere.

Mutum biyu ne a kan gaɓar a lokacin, suna turi. Laka ta cushe musu tsakanin taya da ƙarfe, kekunan sun ƙi juyawa, suna ja suna zamewa. Mu'az bai taɓa koyon gudu da turin keke ba, bai ma gwada ba. Hannunsa ne ya yi abin da ya sani. Ya rusuna, ya zura kafaɗar dama a ƙarƙashin ƙarfen, ya miƙe da shi lokaci ɗaya, ya karkata wuya hagu. Keken bai kai rabin nauyin cinyar sa ba. Ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, ya soma taku gajere-gajere yana dasa gefen takalmi, irin tafiyar da ake yi a kan jinin kwata. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu. Tayoyinsa ba su ɗebi laka ba, saboda haka da ya kai sama ya dire keken ya haye, sai ya tafi kamar an sake shi, su kuwa suka tsaya suna ƙwaƙule laka da yatsa.

A bayansa ya ji wata murya da ya sani tun yana yaro, ta fi ta kowa ƙarfi.

"Kun ga ɗaukar? Kun gani? Dodo, mi kaka jira? Kaɗa!"

Kalangu ya dawo, babu waƙa, kiɗa zalla.

Sauran zagaye biyun Mu'az bai ko yi shawara da zuciyarsa ba. Da ya iso gaɓar sai ya dira, ya saɓa, ya haye. A na huɗu ya kama mutum na biyu a kan gaɓar ya bar shi a can. A na ƙarshe ya hango bayan Zaharaddeen, ya kore shi har bakin layi, amma Bakanon ya riga shi da tsawon keke kamar uku. Mu'az ya zo na biyu. Kocin ƙungiya ya zo ya dafa masa kafaɗar da ke cike da laka, ya ce ya wanke keken da kyau, akwai tafiya Jos bayan sallah.

Zaharaddeen yana kwance a ƙasa yana haki, ya ɗago kai.

"Basakkwace, wa ya ce ka koyi sauka? Da ka bari sai na yi ritaya."

"Kai kac ce in gaisa da ƙasa. Mun gaisa, ta ce tana gaishe ka."

Rundawa suka iso a ƙafa, Ashafa a gaba, farar rigar ta koma ja daga gwiwa zuwa ƙasa. Mu'az ya cire hular kwano ya durƙusa. Uban ya tsaya yana dubansa, ya dubi takalman da laka ta rufe.

"Ashe kana sauka."

"Na sauka, Baba."

"Hmm." Ya juya ga mutanensa. "Amma wanga saɓi, ku hwaɗi gaskiya, wa yak koya mai? Kafaɗar dama, wuya hagu. Haka ubana yak koya mini."

Tambari, da ya iso a bayan wani ɗan kabu-kabu, ya ce, "Ni dai sauka nic ce shi yi. Sauran naku na."

Dodo ya matso yana sosa ƙeya da makaɗi. "To yanzu ni mi za ni ce? Take ya lalace."

"Ka bar shi yadda shike," in ji Ashafa. "Suna ya riga ya bi shi. Ka ƙara mai wani abu daga baya."

Dodo ya ƙara. Yanzu in ya kai "ƙasa ta yi kira ka ƙi amsawa", sai ya ɗan dakata, ya ce, "sai ran da kag ga dama."

Mu'az ya koma Jos bayan sallah ya zo na uku, karo na farko da ya tsaya a kan dakalin masu nasara a garin. Yana nan a ƙungiyar. Da safe yana bin titin Sama ya fita bayan gari, kuma masu gona a wajen jajayen tuddai sun saba ganinsa yana hawa da sauka a gaɓa da keke a kafaɗa, shi kaɗai, har rana ta ɗaga. Ɗahiru ne ke yanka a teburin Tudun Wada. Barhon Ashafa yana rataye a naɗe cikin fata, bai ba kowa ba, ya ce mai shi yana kan hanya, ba sauri ake ba. Shi kuma yana zaune a kan benci gefen tebur, yana nuna wa Ɗahiru inda zai sa wuƙa, yana hira da masu cefane.

Kwanan baya wani tsohon abokin cinikinsa ya zo ya tsokane shi.

"Ashafa, ashe Ba-sauka ya sauka?"

"Ya sauka. Ka ga keken ya taɓa ƙasa?"

"Keke ai kullum tayoyinsa a ƙasa suke."

Ashafa ya kore ƙuda da gefen hannu, ya jawo faranti.

"Tsoka kaka so ko haƙarƙari?"